TUFFA TA TSALLAKO TEKU, KANYA TA ZAMA GAWAYI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Duk mai bin manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yaran nan da ke ratsa gosulo da tuffa a jere cikin leda, ja da kore, kowace da 'yar sitika a goshi, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Aful muke ce mata. Ita ce kayan dubiya a asibiti, ita ake yanka wa baƙo in ana so ya san an karrama shi, da azumi kuma ita ce a saman faranti a hotunan buɗa-baki da ake ɗorawa a Facebook. To tun watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, aful ta fi ƙarfin talaka, tana ma neman fin ƙarfin mai albashi. Kowa sai ƙorafi yake yi.

Ni nawa ƙorafin daban ne. Yanzu da hunturu ya shigo, magarya da kanya da aduwa da taura da goruba suna nan a faifai gaban tsofaffin mata a bakin tasha da ƙofar firamare. Ku tsaya ku lura, mai mota nawa ne yake tsayawa ya saya? Mun mayar da su kayan yara da kayan ƙauye. A lokaci guda kuma manyan motoci suna ta shigowa birni shaƙe da buhunan gawayi. Waɗannan abubuwa biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su: bishiyar da ba a sayen 'ya'yanta, gatari ne makomarta. Wannan ita ce maganar da nake so mu tattauna, kuma ita kanta tuffar ce za ta ba mu darasin.

Bari mu fara da tafiyar da aful take yi kafin ta zo hannunka. Mafi yawan wadda ake sayarwa a Najeriya daga Afirka ta Kudu take zuwa, daga kwaruruka masu sanyi irin su Elgin da Ceres da ke yankin Kef ta Yamma. Can ana tsinkarta ne daga wajen Janairu zuwa Mayu. Wadda ba a sayar nan take ba sai a zuba ta a wasu manyan ɗakuna masu sanyi dab da na ƙanƙara, a zuƙe iskar da muke shaƙa har ta koma kashi 1 ko 2 cikin 100, tuffar ta yi kamar barci, ta daina nuna. A haka za ta iya yin wata da watanni. Daga nan sai kwantena mai firji, sai jirgin ruwa, sai tashar Legas, sai tirela ta ɗauko ta zuwa kasuwa irin 'Yan Lemo ta Kano. Ke nan in ka sayi tuffar Afirka ta Kudu a watan Disamba, ka sani ta yi aƙalla rabin shekara rabonta da uwarta.

Ban ce guba ba ce fa. Kada wani ya je ya ce na ce aful tana kisa. Abinci ce mai kyau, kuma dabarar adana ta abin a yaba ne, mu ma da za mu samu irinta ga tumatir da mangwaronmu da mun ji daɗi. Abin da nake nunawa shi ne, kowane taki na wannan tafiya da dala da man dizal ake biyansa. In ka ba yaron gosulo kuɗi, ɗan abin da zai shiga aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Sauran ya bi teku ya tafi.

Sannan ku duba da kyau, iri nawa ake kawo mana? Koriyar nan mai tsami, Granny Smith. Mai ruwan ɗorawa, Golden Delicious. Sai jajayen, Gala da Pink Lady da 'yan uwansu. Da ƙyar ka ƙirga shida. Alhali irin tuffa da aka sani a duniya sun haura 7,500. Me ya sa waɗannan 'yan kaɗan ɗin suka mamaye kasuwa? Saboda suna jure tafiya, suna jure firji, girmansu ɗaya, suna cika kwali daidai, kuma suna da kyau a ido. Ɗan kasuwa ne ya zaɓe su, harshenka bai samu kujera a wajen zaman ba.

Akwai wani sirri a tuffa da ya kamata kowa ya sani. In ka shuka ƙwallonta, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Kowace ƙwaya sabon iri ce, galibi ma mai tsami ko ɗaci. Don haka duk wanda ya dace da bishiya mai daɗi, hanya ɗaya ce ta yaɗa ta: a yanko reshenta a aura wa wata. Abin da masu lambunmu suke yi ke nan wa mangwaro, shi ya sa muke cewa ɗan aure. Granny Smith ɗin da kake saya, asalinta bishiya ɗaya ce tak da ta fito a gonar wata tsohuwa, Maria Ann Smith, kusa da birnin Sidni na Ostareliya a 1868. A Ingila akwai wata tuffar girki da suke ji da ita, Bramley, wadda wata yarinya ta shuka ƙwallonta a bayan gidansu a garin Southwell a 1809. Duk Bramley da ke duniya reshen wannan bishiyar ce. Ka ga ke nan da wani ya sare ta ya yi girki tun kafin a yanki reshen, shi ke nan, an yi asarar da ba a mayarwa.

Asalin tuffa kuwa ba ƙasar Turawa ba ce. Daga dazukan tsaunukan Tiyan Shan take, a ƙasar Kazakistan ta yau, har sunan birninsu mafi girma, Almati, daga kalmar tuffa ya samo asali. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya je wurin a 1929 ya tarar da daji guda na tuffa, kowace bishiya da kalar 'ya'yanta da ɗanɗanonta. Mutumin nan ya ƙarar da rayuwarsa yana yawon duniya yana tara iri don kada mutane su mutu da yunwa, ƙarshe shi yunwar ce ta kashe shi a kurkukun Stalin a 1943. Ma'aikatan rumbun irin da ya kafa a Leningrad, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, wasunsu sun mutu da yunwa ga shinkafa da gyaɗa a gabansu, suka ƙi ci, saboda iri ne. Wannan ita ce darajar iri a wajen wanda ya san shi. Shi ma wancan dajin na Almati, gine-gine da gonaki sun cinye babban kasonsa.

Amurka ta bi wannan hanya har ƙarshenta. A ƙarni na 19 suna da dubban irin tuffa, kusan kowane ƙauye da tasa: ta ci, ta girki, ta matsa, ta ajiya har bayan hunturu. Da manyan kantuna suka zo, sai aka raja'a a kan 'yan kaɗan, musamman wata ja jawur mai suna Red Delicious. Shekara da shekaru manoma suna zaɓen reshen da ya fi ja da kaurin fata, har aka wayi gari ga kyau kamar a hoto, ciki kuwa lami kamar auduga. Ta yi sama da shekara 50 tana sarauta kafin Gala ta ture ta a 2018. Kafin nan mafi yawan tsofaffin irin sun ɓace. Yanzu sai ga wani dattijo ɗan Karolina ta Arewa, Tom Brown, tun wajen 1999 yana bin ƙauyuka yana tambayar tsofaffi ina bishiyar da kakanku ya shuka, ya gano sama da iri 1,000 da aka ɗauka sun tafi. Ingila ta ware gona guda a Brogdale inda take renon irin tuffa sama da 2,000, kuma tun 1990 suke bikin ranar tuffa duk 21 ga Oktoba, manoma su fito da tsofaffin iri, mutane su ɗanɗana su saya, su koyi sunayensu. Wato sai da suka zubar, suka dawo suna tsinta da kuɗi da wahala.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu dawo gida. Tambayi duk wanda ya haura shekara 40 ya lissafo maka mangwaro, za ka ji Binta Suga, Ɗan Kamaru, Fafaranda, Bakin Aku, ga mai zare da ake tsotsa har ƙwallo ya yi fari, ga mai ƙamshin kananzir da wasu ba sa so wasu kuma suke mutuwar so. Tambayi yaron birni ɗan shekara 15, mangwaro dai mangwaro ne, babba ko ƙarami. Shi ma mangwaron ai baƙo ne, daga Indiya asalinsa, kamar yadda masara da rogo da gyaɗa da tumatir suka zo daga nahiyar Amurka. Don haka ba ƙin baƙo nake yi ba. Baƙon da ya shekara ɗari a ƙasarka, ya saba da ranarka da farinka da ƙwarinka, ya zama ɗan gida, kuma ya tara wani abu a jikinsa da ba a saye a kanti.

Su kuwa itatuwan dajinmu, ba a rubuta sunayen irinsu a littafi ba, amma mutanen karkara sun san su ɗaya bayan ɗaya. A kowane ƙauye akwai magaryar da yara suke rububi saboda ta fi zaƙi, akwai kanyar da ta fi tsoka, akwai aduwar da ba ta cika ɗaci ba, akwai kukar da matan gari suka san ganyenta ya fi daɗin miya, akwai ɗorawar da kalwarta ta fi yin daddawa. Wa ya bar su a tsaye? Kakanni ne, lokacin da suke sharar gona suka sare na banza suka bar na kirki. Wannan zaɓe ne na ɗaruruwan shekaru, shi ne daidai da Bramley da Granny Smith ɗinmu. Bambancin kawai, su sun yanki reshe sun raɗa suna, mu kuwa muna auna namu da buhu.

Ku dubi sunayen unguwanni da garuruwanmu ma. Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Tsamiyar Boka, duk a Kano. Gawon Nama a Sakkwato. Garin Magarya a jihar Damagaram ta Nijar. Bishiyoyi ne suka raɗa wa wuraren suna. Yau je ka Ɗorayi ka ƙirgo mini ɗorawa, ka biya Giginyu ka ƙirgo giginya. Sunan yana jikin Adaidaita Sahu, inuwar kuwa babu.

Kafin mu zagi mai sare bishiya, mu zauna a inda yake zaune. Mutum ne da iyali, taki ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga kanya ƙatuwa a tsakiyar gonarsa tana yi wa dawa inuwa. 'Ya'yanta in matarsa ta kai kasuwa, ta wuni a rana, a yi mata tayin wulaƙanci, ta dawo da rabi. Sai ga mai gawayi ya zo da kuɗi a hannu, saboda gas ya yi tsada a birni kowa ya koma kurfoti. Kai ne shi, me za ka yi? Wa'azi ba ya hana wannan cinikin, doka ma da ƙyar. Abin da zai hana shi ne mutumin nan ya lissafa ya ga kanyar tana kawo masa kuɗi duk shekara fiye da abin da gawayinta zai ba shi sau ɗaya. Kuma mai yin wannan lissafin ya canza, wallahi ba kowa ba ne illa ni da kai da muke wuce faifan nan a mota.

Kuma mu tuna kuɗin waɗannan 'ya'yan itatuwa aljihun wa suke shiga. Mata ne da tsofaffi da marayu. Su ke tsintar ƙwarar kaɗanya su yi man kaɗe, su ke dafa kalwa, su ke daka garin kuka da na magarya. In bishiyar ta faɗi, namiji ya karɓi kuɗin gawayi sau ɗaya, mace ta rasa jarinta har abada.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, a dasa irin zamani mai yawan 'ya'ya mana, a huta. A dasa, ba laifi. Amma duk wanda ya tara ƙwansa a kwando ɗaya ya san abin da yake jira. Ƙasar Ayalan ta dogara kusan kacokan ga irin dankali guda, cuta ta shigo a 1845, mutum wajen miliyan ɗaya ya mutu, wasu miliyan suka yi hijira. Ayabar da duniya take ci kafin shekarun 1950 iri ɗaya ce, Gros Michel, cuta ta share gonakinta, aka koma Cavendish, yanzu ita ma wata sabuwar cutar tana bin ta ƙasa ƙasa. Ba sai mun je nesa ba. Cittar Kudancin Kaduna kusan iri biyu ce, Tafin Giwa da Yatsun Biri, kuma da saiwa ake dasa ta, wato duk gona kamar jiki ɗaya ce. Cutar da ta faɗa mata a daminar 2023 kowa ya ga yadda ta durƙusar da manoman Kaciya da Kagarko da Jaba, farashin citta ya yi tashin gwauron zabi. Masu bincike in irin haka ta faru, wajen tsofaffin iri da na daji suke komawa neman wanda cutar ba ta kamawa. Da tsohuwar zuma ake magani. In babu tsohuwar fa?

Ta fuskar lafiya ma mun yi wa kanmu gurguwar fahimta. Giram 100 na tuffa bai wuce miligiram 5 na bitamin C ba. Giram 100 na gwaiba ya haura miligiram 200. Gwaibar da muke rainawa a baro! Garin ƙwame na kuka, Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta tun 2008, ana zuba shi a 'yan gwangwanaye ana sayarwa da tsada a matsayin abincin masu kula da lafiya. Zoɓon Jigawa kwantena kwantena ake fita da shi zuwa Meziko. Man kaɗe yana cikin man shafawa da cakulan na manyan kamfanonin duniya. Su suna biyan dala su sayi namu, mu muna neman dala mu sayi nasu, sannan mu ce mun waye.

Yanzu bari na faɗi abin da masu suka za su faɗa, don suna da gaskiya a wasu wuraren.

Na farko, tsafta. Gaskiya ne, aful tana zuwa a wanke a jere, namu kuwa a buɗe cikin ƙura da ƙuda. Wannan laifin masu sayarwa ne, kuma dole a faɗa musu. Amma ruwa da gishiri kaɗan suna maganin wannan a gida. Sannan mai sayarwa yana gyara kayansa ne daidai da mai saye. Ku dubi yadda aka mayar da dabino da aya da zuma cikin robobi masu kyau da zarar masu kuɗi sun fara nema.

Na biyu, sinadarin kabayid na masu walda da wasu marasa tsoron Allah suke nunar da ayaba da mangwaro da shi. Wannan haɗari ne na gaske, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. To amma yaushe aka fi yin wannan ta'asar? Lokacin da ake gaggawar riga kowa kai kaya kasuwa, kafin abu ya ƙosa. Mu ne muke son mangwaro tun sanyi bai tafi ba. Wanda ya jira bazara ta kankama, mangwaro ya cika gari har yana faɗowa da kansa, ya fi samun wanda ya nuna a kan uwarsa, ga araha. Magarya da kanya da goruba kuwa ba wanda ya taɓa ɓata kuɗinsa ya sa musu kabayid. Cin abu a lokacinsa shi ne rigakafin.

Na uku, za a ce magarya duk ƙwallo ce, ba tsoka. Haka tuffar daji take kafin a yi mata aiki. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an ɗauko reshen magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya aka aura wa tamu ta gida, saiwa tamu mai jure fari, 'ya'ya kuwa manya masu ruwa da garas garas. Sunan da aka sa mata da Faransanci ma'anarsa tuffar Sahel. Ga tuffa a ƙofar gidanmu, ba ta son firji, ba ta son jirgin ruwa. Fatana dai kada ita ma mu yi mata irin na Red Delicious, mu aure duk magaryar gari da iri ɗaya mu kashe masu zaƙin da muka gada. A aura wasu, a bar wasu, masu daɗin cikinsu ma a yanki reshensu a yaɗa.

Wanda kuma ya ce shi fa aful yake so, ba magarya ba, to a tsaunukan Jos akwai masu nomanta. Tuffa tana son ɗaruruwan sa'o'i na sanyi kafin ta yi fure, shi ya sa ba ta yi a Kano ko Katsina. Amma Jos tana da tsayin wajen mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma akwai iri irin su Anna da ba sa buƙatar sanyi mai yawa. Ƙasar da ta ba mu dankalin Turawa da sitiroberi ba za ta gaza a nan ba, tunda tsaunukan Kenya da Habasha da Yuganda suna yi. Ba ta da yawa, ba ta kai ta waje girma da sheƙi ba, kuma ba kullum ake samunta ba. In ka ci karo da ita, saya. Manomin da ya ga an saye ta bana shi zai ƙara dashe baɗi. Haka 'yan uwanmu na Nijar suke da lemo da rumman na Timiya a tsaunukan Abzin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na huɗu, za a ce namu ba ya daɗewa, wata biyu ya wuce. Ai wannan ba aibu ba ne, jeri ne Allah ya yi mana. Hunturu ga magarya, kanya, aduwa, taura, lemo, rake da muruci. Bazara ga mangwaro, yazawa da ɗorawa. Farkon damina ga kaɗe da nunu. In ta yi nisa ga ɗinya da gwaiba. Goruba da ƙwame da tsamiya kuwa suna ajiyuwa shekara ba tare da wutar NEPA ba. Babu watan da ya zo hannu rabbana. Mu ne muka manta kalandar.

To me za mu yi? Ba wani abu mai wuya ba ne.

Alhaji, in za ka je dubiya, haɗa ledar da gwaiba da lemo da gwanda na gida. Hajiya, in za a yi wa yara kayan makaranta, a sa musu abin da yake yayi a watan, su san ɗanɗanonsa su san sunansa. Yaron da bai taɓa cin ɗinya ba, ba zai ji komai ba ranar da aka sare ta ƙarshe.

In ka tsaya gaban mai faifai, tambaye ta: Baba, wannan daga wane gari? Wane iri ne? In ka ji mai daɗi, koma ka neme shi da sunansa. Ranar da masu saye suka fara cewa Binta Suga nake so, ranar dillali zai fara ware ta, ranar mai lambu zai fasa sare ta.

Kuma don Allah a rage tayin rashin imani. Mutum ya shiga babban kanti ya biya kuɗin aful yadda aka rubuta ko tari bai yi ba, ya fito ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa a kan Naira 50. Haba jama'a!

Mai fili ko mai gida da tsakar gida, in ka san wata bishiya mai daɗi a garinku, nemi mai lambu ya yanko reshe ya aura maka. Dashen itacen da mutum ko tsuntsu zai ci, malamai sun sha gaya mana sadaka ce. Manomi kuma ya dubi abin da aka yi a Maraɗi tun shekarun 1980, inda aka koma renon tohon kututture a gona a maimakon ƙone shi, har aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5 na Nijar. Ba da injin ba, da wuƙa da haƙuri.

Gwamnati ma da nata. Muna da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai rassa a Bagauda da Dadin Kowa, muna da IAR a Samaru, muna da cibiyar dabino a Dutse, muna da rumbun adana iri na ƙasa a Ibadan. Duk shekara jihohi suna bikin dashen bishiya, a kawo darbejiya da turare a dasa a ɗauki hoto. Me zai hana rabin abin da ake rabawa ya zama kanya da ɗorawa da magarya da tsamiya da mangwaron gida? Me zai hana kowace jiha ta ware gona guda ta tara irin da ke ƙasarta, da sunan kowanne da garin da aka samo shi? Ɗalibanmu na aikin gona da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga aiki nan a ƙauyukansu, tsofaffin da suka san bishiyoyin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Amma kada mu jira su. Gwamnati ba ta cin magarya, mu ne za mu ci.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya rubuto mana sunan garinsu da irin mangwaro ko dabino ko gwaiba ko ɗan itacen dajin da aka san garin da shi, musamman wanda kuka ci kuna yara yanzu kuka daina gani. 'Yan Nijar, 'yan Gana, 'yan Kamaru, 'yan Cadi da Sudan, har da ku. In wani ya san inda bishiyar take har yanzu, ya faɗa, ƙila a samu mai zuwa yanko reshe kafin mai gawayi ya riga shi.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a ƙasarmu da abin da take fitarwa, ya sa jikokinmu su ci abin da kakanninmu suka bar mana. Amin.